Ƙarar Ƙanƙara

Shekara goma sha ɗaya ban taka Puerto Natales ba.
Da na dawo, iska ce ta fara gane ni:
ta fizge hular Fresia, ta yi bakin teku da ita.
Babana, Eleuterio, yana tsaye a ƙofa,
hannu ɗaya a aljihu,
ɗayan ya rasa inda zai sa kansa.
Ya ce, "Kun iso." Na ce, "Mun iso."
Iyakar gaisuwar ke nan.

A kicin murhu yana ta huci.
Butar lemo ta wuni a gefen wuta, ta yi ɗumi.
Ya jera tambulan uku,
ya ɓamɓaro ƙanƙara daga can ƙuryar firij,
ya saki guda biyu a na yarinyar.

Ƙas!
Can kuma, a hankali, tas, tas.

Fresia ta ja da baya, ido waje.
"Kaka, wa ya fasa ta? Ba wanda ya taɓa ta."

Mutumin nan ya shekara arba'in yana jan koma,
bai taɓa yi mini magana mai tsawon numfashi biyu ba.
Sai ga shi ya jawo kujera,
ya ɗaga tambulan saitin taga.

"Dubi nan. Bayanta ne ya fara jin ɗumi,
abin da ya ji ɗumi kuwa miƙa yake yi,
kamar ke idan kin tashi daga barci.
Cikinta bai sami labari ba tukuna,
yana nan a ƙanƙame da sanyinsa na jiya.
Baya na ja, ciki na riƙewa.
Ita kuma ba ta iya lanƙwasa ba.
Wanda bai iya lanƙwasa ba, ya zai yi?
Sai ya tsage."

Ta sa hanci a jikin gilashin.
"Wannan farin gajimaren na tsakiya fa?"

"Iska ce sanyi ya ritsa da ita, ta kasa fita.
Wannan ma wasa ce.
Wadda muke tsinta a ruwa, ɓallin tsaunin ƙanƙara,
iskar cikinta ta girmi kakan kakana.
Idan tana narkewa sai ki ji ƙis-ƙis-ƙis,
kamar an sa ɗanyen kifi a mai.
Numfashi ne da aka daɗe ana riƙewa."

"Tana jin zafi?"

"Ban taɓa tambayarta ba."

"To yaya za a yi kada ta fashe?"

Ya juya tambulan sau ɗaya, sau biyu.
Tsagar tana nan, siririya kamar gashi,
daga wannan kusurwa zuwa waccan.
"A fito da ita, a ajiye, a ƙyale ta,
har ta yi gumi, ta saba da ɗakin.
Ba a yi mata gaggawa."

Ni ban ji wannan ba sai da na riga na miƙa hannu.
Na dafa nasa, kan tabon ƙugiyar nan
da na sani tun ina ƙarama.
Fatar da ɗumi.
Bai janye ba, bai kuma juyo ba.
Agogon mamata a bango yana ta aikinsa,
minti bakwai a gaba, yadda ta bar shi.

Sai ya miƙe, ya ce zai duba igiyar kwalekwale.
Maƙwabciya ta rubuto mini tun bara
cewa ya sayar da kwalekwalen.

Ƙofa ta rufu. Iska ta ɗan yi shiru.
Daga bayan rumfar itace na jiyo wani sauti,
gajere, guda ɗaya,
wanda mai wucewa zai ɗauka tari ne.

Fresia ta kara tambulan a kunne,
ta ɗaga mini yatsa kada in yi motsi.
"Mama, saurara," in ji ta.
"Ba ta gama ba."